ASKY ko Air Côte d'Ivoire: wanne ya fi dacewa da matafiyi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya?

Duk wanda ya taɓa neman tikitin jirgi daga Abuja zuwa Konakiri, ko daga Yamai zuwa Duwala, ya san abin da ejan zai fara gaya masa: babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai dai a ya da zango ko dai a Lome ko a Abijan. Lome na nufin ASKY, Abijan kuma na nufin Air Côte d'Ivoire. Kamfanonin nan biyu su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin haɗa manyan biranen yankin da juna, kuma sau da yawa kuɗin tikitinsu ba ya nisa da juna. Shi ya sa mutane da yawa ke zaɓa da ka, ko su bar wa ejan ya zaɓa musu wanda ya fi masa riba. A ganina akwai hanyar da ta fi wannan, kuma tana farawa ne da sanin dalilin da ya sa aka kafa kowannensu, don dalilin kafuwar shi ne har yau yake juya inda jiragensu ke zuwa da yadda suke aiki.

Dukansu biyun magadan gawa ɗaya ne, wato Air Afrique. An kafa wancan kamfani a 1961 bisa yarjejeniyar da ƙasashe 11 rainon Faransa suka sa wa hannu a Yawunde, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru da Senegal, aka kuma ajiye hedikwatarsa a Abijan. Shekara 40 yana ɗaukar mutanen yankin. Abin da ya kashe shi ba ɓoyayye ba ne: masu gida sun yi yawa, kowace gwamnati tana so a ɗauki mutanenta aiki kuma a sauka a birninta ko da babu fasinja, bashi ya yi ta taruwa, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin da ake biya da dala ya ninka dare ɗaya. A 2002 ya durƙushe. Nigeria Airways ya bi shi a 2003, Ghana Airways kuma ba da jimawa ba. Aka shiga wasu shekaru da mai son zuwa babban birnin ƙasar da ke maƙwabtaka da tasa wani lokaci sai ya biya ta Paris ko Kasabulanka. Wanda bai ga wannan zamanin ba, da wuya ya gane darajar jirgin da ke tashi kullum daga Lome ko Abijan.

ASKY ne ya fara cike gurbin. Ɗan kasuwar Togo Gervais Koffi Djondo, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin Ecobank, shi ya tsaya kai da fata a kan maganar. Cibiyoyin kuɗi na yankin suka mara masa baya: bankin zuba jari na ECOWAS, da bankin raya Afirka ta Yamma wato BOAD, da Ecobank kansa, dukansu masu hedikwata a Lome. An yi wa kamfanin rajista a 2008, ya fara tashi ranar 15 ga Janairun 2010. Darasin da suka ɗauka daga Air Afrique shi ne kada a bar gwamnatoci su riƙe linzami. Maimakon haka sai suka nemo wanda ya iya sana'ar, wato Ethiopian Airlines na Habasha, ya shigo da hannun jarin kusan kashi 40 cikin 100 a farko, ya kawo jirage, ya kawo masu gudanarwa, ya ɗauki nauyin gyara da horar da ma'aikata. Idan ka duba jikin jirgin ASKY kusa da jela za ka ga lambar rajistarsa ta fara da ET, wadda ita ce alamar Habasha. Shugabannin gudanarwar kamfanin ma daga Ethiopian ake turo su. Sai a 2023 gwamnatin Togo ta sayi kaso kaɗan, kimanin kashi 14 cikin 100.

Air Côte d'Ivoire kuwa ɗan gwamnati ne tun daga haihuwa. Tsohon kamfanin ƙasar, Air Ivoire, ya mutu a 2011, shekarar da rikicin bayan zaɓe ya girgiza Kwaddibuwa. Gwamnatin Alassane Ouattara ta kafa sabon kamfani a 2012, ya fara jigila a Nuwamban wannan shekarar da jiragen Airbus A319 na haya. Gwamnati ce ke da fiye da rabin hannun jari. Air France ya shiga da kashi 20 cikin 100, daga baya kasonsa ya sauko zuwa wajen 11, BOAD da 'yan kasuwar ƙasar suka riƙe saura. Manufar a bayyane take: a maido wa Abijan matsayinta na cibiyar Afirka ta Yamma mai amfani da Faransanci, a kuma haɗa ta da garuruwan cikin ƙasa waɗanda yaƙi ya yanke.

Wannan bambanci na asali ba labarin tarihi kawai ba ne, yana shafar tikitin da za ka saya. Togo ƙaramar ƙasa ce, mutanen Lome kaɗai ba za su cika jirage ba. Saboda haka ASKY ba shi da abincin da ya wuce fasinjan da ke wucewa: wanda ya taso daga Abuja zai tafi Banjul, wanda ya taso daga Bangi zai tafi Dakar. Duk tsarinsa an gina shi ne a kan wannan mutumin. Abijan kuwa babban birni ne mai mutum miliyoyi, ga tashar jiragen ruwa, ga hedikwatar Bankin Raya Afirka, ga kasuwar koko da kashu. Da yawa daga cikin waɗanda ke cikin jirgin Air Côte d'Ivoire Abijan ɗin suka nufa ko daga can suka fito, mai wucewa ƙari ne. Ba wai ana wulaƙanta shi ba ne, a'a, amma kamfanin zai rayu ko da ya ragu, ASKY kuwa ba zai rayu ba.

Yadda suke aikin yau da kullum iri ɗaya ne a zahiri, kuma yana kama da zangon fatake: ayari daga ko'ina su haɗu a wuri ɗaya, a yi musayar kaya, kowa ya kama hanyarsa. Jirage kan kwana a biranen da ke ƙarshen hanya, su taso da safe, su sauka a cibiya kusan lokaci guda wajen tsakar rana, fasinjoji su canza jirgi, sannan a sake watsewa. Amfanin wannan tsari shi ne jirgi goma sha wani abu ya isa ya haɗa birane fiye da 20 da juna a yini guda. Aibinsa kuma shi ne idan jirgin da ya ɗauko ka ya makara har ayarin ya watse, sau da yawa babu wani sai gobe, wani layin ma sai jibi, don ba kowace rana ake zuwa kowane gari ba. Akwai kuma wani abu da matafiya ke mantawa su duba: jirgi ɗaya kan tsaya a gari biyu kafin ya kai ƙarshen hanyarsa. ASKY ya fi yin haka, saboda da shi yake cika kujeru a kan ƙananan layuka. Tikitin da ya nuna maka canjin jirgi sau ɗaya zai iya ƙunsar sauka uku. Ka nemi ejan ya buɗe maka cikakken jadawalin kafin ka biya.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai nauyi wajen zaɓi, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi: taswira. Daga Legas zuwa Lome bai kai kilomita 250 ba, jirgi bai gama hawa ba zai fara sauka. Daga Legas zuwa Abijan ya haura kilomita 800. Idan Duwala ka nufa daga Legas, bi ta Lome zai sa ka yi tafiyar kimanin kilomita 1,200 gaba ɗaya. Bi ta Abijan kuwa ya haura 2,300, domin sai ka yi yamma sosai sannan ka juyo ka sake ratsa saman inda ka baro. Haka lissafin yake ga Yawunde da Librebil da Barazabil da Kinshasa. Duk wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya nufi Afirka ta Tsakiya, Lome ta fi masa kusa nesa ba kusa ba. Daga Yamai ma, Lome tana kudu kusan miƙe, wajen kilomita 800, Abijan kuwa ta haura 1,100.

Idan yamma aka nufa, lissafin ya canza. Daga Legas zuwa Dakar, ko ta Lome ko ta Abijan, bambancin bai taka kara ya karya ba, dukansu suna kan hanya. Konakiri da Monrobiya ma haka. A nan abin da zai raba gardama shi ne tsawon jiran da za ka yi a cibiya, da yawan saukar da jirgi na biyu zai yi, da ranar da ake tashi. Kuma a tuna agogon Lome da na Abijan ɗaya ne, dukansu suna bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana ne, mutane da yawa kan rikice su ɗauka jiran ya fi yadda yake tsawo ko gajarta.

Ta fuskar yawan garuruwa a wajen gida, ASKY ya yi gaba. Ban da manyan birane irin su Legas da Abuja da Akara da Dakar da Duwala, waɗanda dukansu biyun ke zuwa, shi ne ya fi shiga wuraren da sauran kamfanoni ba su cika damuwa da su ba: Bangi, Injamena, Banjul, Firitawun, Malabo, Sawo Tome, Paraya ta Kef Bade, har da Luwanda da Nairobi. Ma'aikacin ƙungiyar agaji, ko malamin jami'a mai zuwa taro, ko ɗan kasuwar da harkarsa ta kai shi ƙananan ƙasashe, sau da yawa ba zaɓi ma yake da shi ba, ASKY ne kawai zai kai shi ba tare da ya kwana a hanya ba.

Air Côte d'Ivoire yana da abin da ASKY ba zai taɓa samu ba, wato cikin gida. Togo siririya ce, babu kasuwar jiragen cikin gida da za a yi magana a kanta. Kwaddibuwa kuwa tana da Buwake da Korogo da Man da Odiyene da San-Pedro, kuma kamfanin yana zuwa dukansu da jiragen Dash 8 Q400 masu farfela, waɗanda ke ɗaukar mutum wajen 70, tun 2014. Wanda ke da 'yan'uwa a arewacin ƙasar, ko mai harkar goro ko kashu ko auduga a can, zai iya yankar tikiti ɗaya daga Abuja har Korogo. Waɗanda suka je kallon gasar cin kofin Afirka a farkon 2024 sun ga amfanin wannan, domin an buga wasanni a Korogo da Buwake da San-Pedro, ba a Abijan da Yamusukuro kaɗai ba. Mutane kan raina jirgi mai farfela, suna ganin tsohon yayi ne. Kuskure ne. A gajeriyar tafiya ya fi ƙarancin shan mai, yana sauka a gajeren titi, kuma Q400 na cikin masu sauri a irinsa. Abin da za ka lura da shi kawai shi ne wurin ajiye jaka a saman kujera ƙarami ne, jakar hannu mai girma sai a karɓe ta a bakin jirgi.

Sai maganar wanda tafiyarsa ta wuce yankin. A nan dangantakar kowannensu da babban abokinsa ce ke magana. Ethiopian yana sauka a Lome, kuma tun 2016 yake bi ta nan zuwa yankin birnin New York, daga baya ya ƙara da Washington. Ta gabas kuma, daga Adis Ababa hanya a buɗe take zuwa Dubai da Jidda da Mumbai da Gwanzu. An tsara lokutan ASKY ne don su ciyar da waɗannan jirage, saboda haka ɗan Bamako ko Konakiri mai zuwa Amurka ko Sin zai iya samun tikiti ɗaya, a ɗaure kayansa har ƙarshen tafiya. Air Côte d'Ivoire ya ɗauki wata hanyar dabam: maimakon ya miƙa fasinjansa ga wani, yana so ya kai su da kansa. Ya buɗe Johannesbag a 2022, ya ƙara da Kasabulanka, ya yi odar manyan jirage biyu ƙirar Airbus A330neo, kuma a 2025 ya fara zuwa Paris da jirginsa. Wannan buri ne babba, kuma ina yi masa fatan alheri da gaske, don yankin na bukatar kamfanin da zai yi gogayya a kan layin Paris mai tsada. Amma gaskiya ita ce mai manyan jirage biyu kacal ba shi da inda zai juya idan ɗaya ya shiga gyara. Wanda ranar isarsa ba ta ɗaukar ɗagawa ya sa wannan a lissafi.

Game da jiragen kansu, ASKY na amfani da Boeing 737, Air Côte d'Ivoire kuma da dangin Airbus A320, ciki har da A320neo da ya karɓa a 2021. A tafiyar awa ɗaya zuwa uku, fasinjan da ke kujerun gama-gari ba zai ji wani bambanci na a-zo-a-gani ba: kujeru uku a dama, uku a hagu, ɗan abinci gwargwadon tsawon tafiya. Akwai dai tambayar da na san tana cikin zukatan wasu. Tun 2023 ASKY ya fara karɓar 737 MAX 8, irin jirgin Ethiopian da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 jim kaɗan bayan tashi daga Adis Ababa, mutum 157 suka rasu. Bayan wannan hatsari da wanda ya gabace shi a Indonesiya an dakatar da jirgin a duniya baki ɗaya kusan shekara biyu, aka gyara manhajar da ta jawo matsalar, aka sake horar da matuƙa, hukumomin Amurka da Turai suka sake ba shi izini. Ethiopian kansa bai mayar da shi aiki ba sai a 2022. Yau ɗaruruwansu na tashi kullum a nahiyoyi daban-daban. Ni ba zan ƙi tikiti saboda wannan ba. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba laifi ba ne ya zaɓi inda zai samu natsuwa, kuma Airbus na Abijan na nan.

Siyasa ma ta shigo cikin zaɓin, musamman ga mutanen Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi har da na zirga-zirgar jirage, ba a ɗage shi ba sai a Fabrairun 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. A duk tsawon wannan lokaci Togo ce ta fi kowa riƙe zumunci da gwamnatocin Sahel. Ita ta shiga tsakani aka sako sojojin Kwaddibuwa da Mali ta tsare a 2022, kuma tashar ruwan Lome ce ta zama mashigar kayan Nijar da aka rufe iyakar Benin. Dangantakar Abijan da waɗannan gwamnatoci kuwa ta sha yin tsami. Izinin sauka a hannun gwamnatoci yake, ba a hannun kamfani ba. Saboda haka idan tafiyarka ta shafi Yamai ko Bamako ko Wagadugu, kuma za ka sayi tikitin makonni kafin ranar, ni Lome zan fi amince wa, kuma ko ta ina ka zaɓa ka sake tabbatar da jirgin kwana biyu kafin tashi.

Kuɗi fa? Kada ka sa ran arha a ko'ina. Babban kaso na kuɗin tikiti a yankin nan haraji ne da kuɗaɗen filin jirgi, ba kuɗin kamfani ba, shi ya sa tafiyar awa biyu kan kusa kai kuɗin zuwa Turai. Tun 1999 aka cimma matsayar Yamusukuro ta buɗe sararin samaniyar Afirka, a 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya, shugabannin ECOWAS kuma suka amince a ƙarshen 2024 a rage waɗannan haraje-haraje. Har yanzu dai aljihun fasinja ne alƙali. Abin da ke hannunka shi ne ka kwatanta abu da irinsa. Tikiti mafi arha a kowane kamfani yakan zo da sharaɗi: kilo kaɗan, tara mai nauyi idan ka canza rana, ko babu maido da kuɗi sam. Mai dawowa da atamfa daga babbar kasuwar Lome ko kaya daga kasuwar Ajame ta Abijan ya fara tambayar jaka nawa aka yarda masa da kuɗin kowace jakar ƙari, domin abin da ya rage a tikiti zai iya biyan ninkinsa a kan ma'auni.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: ka sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti guda. Wasu kan ga cewa idan suka hau ASKY zuwa wani gari sannan suka kama Air Côte d'Ivoire daga can, kuɗin zai ɗan ragu. Idan na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, tikitinka ya ƙone. A tikiti guda kuwa, kamfanin da ya makarar da kai shi ke da alhakin sa ka a jirgi na gaba. Wannan ya shafi mutanen Kano da Sakkwato da Maiduguri kai tsaye, domin ƙofofin kamfanonin nan biyu a Najeriya su ne Abuja da Legas, kuma jirgin cikin gida da zai kai ka can tikitinsa dabam ne. Tunda jiragen sukan bar Najeriya da hantsi don su riski haɗuwar tsakar rana, kwana a Abuja ya fi dogaro da jirgin safe. Ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara tare da fasfo, ana tambayarsa. Ka adana ɗan tikitin kayan da aka manna maka, kuma idan jaka ba ta fito ba ka cike takardar ƙorafi kafin ka bar filin jirgin. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, kwana 7 ke gare ka ka kai ƙara a rubuce idan kaya sun lalace, kwana 21 idan sun makara.

Idan akwai jirgi kai tsaye, kamar tsakanin Legas da Akara inda Air Peace da Africa World Airlines ke zirga-zirga, babu dalilin bi ta Lome ko Abijan. Inda babu, ga yadda zan yanke. Mai zuwa Afirka ta Tsakiya daga Najeriya ko Nijar, da mai zuwa ƙananan manyan birane irin su Banjul da Bangi, da wanda zai haɗa da Ethiopian zuwa Amurka ko Asiya, da wanda hanyarsa ta taɓa ƙasashen Sahel uku, ASKY ne nasa. Wanda Abijan ce maƙasudinsa, ko wani gari a cikin Kwaddibuwa, ko yake son ya tsaya kwana biyu a Abijan ya yi harka kafin ya wuce Dakar ko Paris, ya ɗauki Air Côte d'Ivoire. A kan Dakar da Konakiri da Monrobiya, inda suka yi kunnen doki, ka ajiye jadawalin biyu gefe da gefe, ka ɗauki wanda jiransa a cibiya bai gaza awa ɗaya da rabi ba kuma jirginsa na biyu ba ya tsayawa a wani gari kafin naka.